Sawu Biyu a Faifan Baba Yona

Ranar Alhamis da la'asar labari ya bazu a layin Baba Yona da ke Tudun Fulani cewa an fasa tagar ɗakin aikinsa. Ba a ɗauki komai ba. Laftof ɗinsa tana nan a kan tebur, rediyonsa na nan, har agogon hannunsa. Amma da 'yarsa Esta ta jona faifan ajiyar da ke ɗauke da aikinsa na shekara shida, sai ta ce ta tarar da shi fayau, kamar yau aka sayo shi.

Baba Yona ya yi shekara talatin da biyu yana ɗaukar murya a gidan rediyo. Da ya yi ritaya sai ya koma ƙauyensu da ke bayan Gwada yana naɗar maganganun tsofaffi: waƙoƙin noma, tarihin gidaje, iyakokin gonaki. Abu mafi tsada a faifan shi ne bidiyon wani zaman sulhu da aka yi shekara biyar da suka wuce, ranar da Arɗon Fulanin yankin da dattawan manoma suka taka burtali da ƙafafunsu, suna kiran sunan kowane icce da kowane dutse da ke iyaka. Huɗu daga cikin dattawan nan sun rasu, har da Arɗon. Bana rigimar burtalin ta sake tashi, dagaci kuwa ya sa ranar Litinin a haska bidiyon gaban kowa, maganar matattu ta raba gardamar masu rai.

Kafin magariba unguwa ta yanke hukunci. Basira mai ɗinki, wadda shagonta ke kallon ƙofar gidan, ta ce ta ga Ya'u ɗan marigayi Arɗo ya shiga da hantsi riƙe da ƙwaryar kindirmo, ya kuma daɗe a ciki. Aka ce leƙen asiri ya zo yi, ya jira sai da Esta ta fita da mahaifinta wajen aski bayan azahar sannan ya dawo. Washegari da safe 'yan banga suka ɗauko shi daga kasuwar dabbobi suka kulle a wani ɗaki a zauren Mai'unguwa Ɗan'azumi.

Mai'unguwa ya san idan labarin ya isa ƙauye a haka, ba wanda zai iya tare samarin ɓangarorin biyu. Ya roƙi 'yan banga su ba shi kwana ɗaya kafin a kai yaron wurin 'yan sanda, sannan ya aika unguwar Barkin Sale a kira masa Taufiq.

*

Taufiq mai gyaran kwamfuta ne, ɗan shekara talatin da 'yan kai, ba shi da yawan magana. Mahaifinsa a zamaninsa bin sawun shanun sata yake yi, shi kuwa sawun abin da ya ɓace a kwamfuta yake bi, shi ya sa sunan Mai Bin Sawu ya bi shi har shago.

Da ya shiga ɗakin, abu na farko da ya yi shi ne ya cire wayar faifan ya sa a aljihu, ya ce kada kowa ya sake jona shi. Mai'unguwa ya tambaye shi ko akwai sauran fata. Taufiq ya yi masa bayani a taƙaice. Ya ce faifai kamar gida ne da aka raba ɗaki-ɗaki, a bakin ƙofa kuma akwai takardar da ke nuna inda kowane ɗaki ya fara da inda ya ƙare. Wanda ya yi wa faifai fomatin, takardar nan ya yage, bai kwashe kayan ɗakin ba. Haɗarin kawai shi ne duk sabon abin da aka zuba daga baya, a kan tsohon yake sauka ya danne shi.

Ya dubi ɗakin a hankali. Gilasan taga biyu ne suka fashe. A jikin bango akwai kanta da aka jera tsofaffin kaset-kaset, kowanne da lambarsa da jan biro, daga ɗaya har arba'in, rubutu mai tsabta irin na mutanen da. Laftof ɗin batirinta ya mutu tuntuni, da an ɗauke wuta take mutuwa nan take.

Baba Yona yana zaune a kujerar roba, dogo, furfura fes, yana kallon hannun Taufiq da idon wanda ya san aiki. Ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, Taufiq ya faɗa masa. Suka ɗan taɓa hirar na'urorin da, tsohon yana dariya. Can da Taufiq ya tambaye shi yaushe rabonsa da buɗe faifan, kafin ya buɗe baki Esta ta amsa cewa tun Lahadi. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, malamar firamare, ita kaɗai ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Ta ce ita ma sau ɗaya ta jona shi, jiya da suka dawo suka ga tagar.

Taufiq yana naɗe wayoyi sai tsohon ya ɗago ya ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?"

Esta ta yi saurin cewa Baba bai yi barci sosai ba saboda tashin hankali. Taufiq ya sake faɗa masa sunan mahaifinsa, ya ɗauki faifan da laftof ɗin ya fita.

A waje ya ce wa Mai'unguwa abu ɗaya ke damunsa. Wanda yake son bidiyon ya ɓace, me zai sa ya tsaya dannawa da jira a ɗakin mutane? Faifan bai kai tafin hannu ba. Da ya sa a aljihu ya jefa a rafi, shi ke nan.

*

A shago ya haɗa faifan da na'urar da ba ta barin a rubuta komai a kansa, ya sa ta kwafe shi kaf zuwa wani faifan, don a kan kwafin zai yi aiki. Abin zai ci awanni. Ya rufe shago ya koma zauren Mai'unguwa.

Ya'u yana zaune a tabarma, siriri, bai wuce shekara talatin ba, gefen bakinsa a kumbure. Ya ce duk sati biyu yake kawo wa Baba Yona kindirmo daga wurin mahaifiyarsa, tun mahaifinsa na raye ake haka, don abokai ne tun suna samari. Jiya ya roƙi a kwafa masa bidiyon a filash, amma Adda Esta, da ba ta je makaranta ba ranar, ta ce masa ba yau ba. Taufiq ya gaya masa abin da ake faɗa a gari, cewa a bidiyon Arɗo ya yi alkawarin shanu ba za su shiga fadama ba sai an gama girbi, Fulani kuwa suna son a manta da alkawarin.

Da ya ji an ambaci mahaifinsa, Ya'u ya ce, "Malam, ba mu da hoton Baffana ko ɗaya a gida. Muryarsa ba ta ko'ina sai a cikin abin nan. Ni zan goge ta?"

Taufiq ya tambaye shi abin da ya tsayar da shi kusan awa guda a gidan. Ya ce hira suka yi da Baba. Wace hira? Nan Ya'u ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ya ce akwai abin da ya gani, amma ba nasa ba ne da zai faɗa. Taufiq ya nuna masa cewa shirun nan zai iya kai shi gidan yari. Ya ce ya sani.

Ɗaya daga cikin 'yan bangan da ke bakin ƙofa ya ce ai ga shi nan, mai gaskiya ba ya ɓoye magana. Taufiq ya roƙi Mai'unguwa a kawo wa Ya'u abinci, kada kuma kowa ya sake taɓa shi.

Da ya fito ya biya shagon Basira. Ta maimaita abin da ta faɗa, sannan, da ya tambaye ta ko Ya'u kaɗai ta gani jiya, ta ce wajen ƙarfe biyu wani mutum ya zo a babur ya yi ta buga ƙofar, har ya zagaya ta lungun da tagar take. Shekwolo ne, wani manomin doya ɗan ƙauyen su Baba. Ba ta faɗa ba don ba wanda ya tambaye ta, kuma kowa ya riga ya ce Bafulatanin ne.

*

Bayan sallar Juma'a Taufiq ya hau mota zuwa Gwada. Ya samu Shekwolo a gefen kasuwa yana sa ido ana loda doya a bayan wata tsohuwar akori-kura. Kakkauran mutum ne mai saurin fushi, Hausarsa ta kasuwa. Bai yi musun komai ba. Ya ce ƙwarai, bana ya ƙara kunyoyin doya wajen ɗari uku ta gefen burtali, don gonarsa ta gaji, 'ya'yansa kuma sun yi yawa. Ƙwarai, sati biyu da suka wuce ya yi wa Yona tsawa a gaban mutane ya ce ya daina tono matattu. Jiya kuwa haƙuri ya je ba shi, matarsa ce ta matsa masa. Ya tarar da ƙofa a kulle, ya zagaya ya kira ta taga, ba kowa, ya dawo.

Taufiq ya tambaye shi yadda ya ga tagar. Ya ce lafiyarta lau.

Sannan ya ce shi ko kunna kwamfuta bai iya ba. Taufiq ya lura da wani shagon buga takardu a tsallaken titi, aka ce masa na ɗan 'yar'uwar Shekwolo ne. Da ya ambaci haka, Shekwolo ya harzuƙa, ya ce in yana son ya kama mutum ya kama, amma ya sani ubansa ma yana cikin bidiyon nan, shi ne mai tafiya a gefen Arɗo da sanda.

A hanyar dawowa Taufiq ya yi ta juya maganar. Shekwolo yana da dalili, ya je wurin, yana kuma da wanda zai iya yi masa aikin. Zuciyarsa ta fi karkata gare shi. Sai dai har yanzu tambayarsa ta farko tana nan ba amsa: me ya sa aka bar faifan a kan tebur?

*

Asabar da sassafe ya buɗe shago ya tarar kwafin ya kammala. Ya sa manhajar bincike ta bi faifan tun daga farko. A sama ɗaki ɗaya ne babba, babu komai a ciki. A ƙarƙashinsa kuwa tsofaffin iyakoki biyu suka bayyana, ɗakin muryoyi da ɗakin bidiyo, kamar tushen ginin da aka share. Ya ga kuma takardar iyakar ta riga ta lalace tun kafin a yi fomatin, irin lalacewar da ke faruwa idan wuta ta ɗauke alhali faifai yana cikin aiki. Duk wanda ya jona shi bayan nan, kwamfuta za ta nuna masa shi kamar sabo, ta ce a shirya shi.

Ya duba lokacin da aka yanka sabon ɗakin. Laraba, ƙarfe goma da minti arba'in da bakwai na safe. Ya gwada agogon laftof da na wayarsa, daidai suke. Wato kwana guda cur kafin Ya'u ya zo da kindirmo, kafin Shekwolo ya buga ƙofa, kafin a fasa taga.

Sai ga sawu na biyu. A ranar Larabar, wajen ƙarfe uku na yamma, wani ya sauko da manhajar ceto fayil ta kyauta a laftof ɗin, ya sa ta aiki. Ta tsamo abubuwa da yawa, amma mai aikin bai sani ba, ya zuba su a kan faifan da yake son cetowa, suka danne wani ɓangare na tsohon. Da ya ga fayilolin ba sa buɗewa, sai ya goge su, ya goge manhajar, ya mayar wa faifan tsohon sunansa. Taufiq ya jingina da kujera. Ɓarawo ba ya ɓata awa uku yana ƙoƙarin gyara abin da ya lalata.

Hannu na biyu kam, ya kusa gane mai shi. Na farkon ne ya rage. Wanda ya yanka ɗakin nan ya san aiki, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Taufiq ya tuna cewa duk wanda ya yi fomatin, ana tambayarsa sunan da zai sa wa faifan, laftof kuma takan riƙe sunayen faifan da aka jona mata ko da an canza su daga baya. Ya shiga tarihinta ya nemo. Sunan yana nan da manyan baƙaƙe: KASET 41.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya tuna kantar da ke jikin bango da lamba ta ƙarshe da ke kanta. Ya tuna tambayar da tsohon ya yi masa sau biyu. Ya kuma gane abin da Ya'u ya gani ya ƙi faɗa.

Sauran safiyar ya ƙare ta wajen maido da tsofaffin iyakokin a kan kwafin. Muryoyin duk suka dawo, ko da yake wasu sun rasa sunayensu. Bidiyon sulhu ma ya buɗe. Ya kalle shi har inda dattawa suka wuce wata tsamiya suka nufi fadama, a nan hoton ya dagule ya tsaya. Minti goma sha ɗaya na ƙarshe an danne su, ba kuma wanda zai iya dawo da su.

*

Ya roƙi Mai'unguwa kada a yi zaman a zaure, a yi shi a tsakar gidan Baba Yona bayan azahar, lokacin da tsohon kan kwanta, kada kuma a bar 'yan kallo. Aka kawo Ya'u tare da shugaban 'yan banga. Shekwolo ya zo a babur yana huci. Basira ta zauna kusa da Esta a benci, ƙarƙashin mangwaro.

Taufiq ya fara da labari mai daɗi, cewa aikin Baba ya dawo, sai abin da ba a rasa ba. Sannan ya faɗi ranar da lokacin da aka goge faifan. Ya tambayi shugaban 'yan banga ko ya san inda Ya'u yake ranar Laraba da safe. Mutumin ya ce kowa ya sani, yana kasuwar dabbobi tun asuba, shi kansa ya gan shi. Shekwolo ya ce shi yana gona da mutum takwas. Basira ta ce ranar Laraba ba baƙon da ya shiga gidan, tana bakin kekenta tun safe har yamma.

Taufiq ya ce to, sawu biyu ya gani a faifan, kuma ba ko ɗaya da yake na mugu. Na farko ya ga abin da ya ɗauka sabon faifai ne, ya shirya shi yadda ya saba. Na biyu ya zo daga baya ya yi iya ƙoƙarinsa ya ceto abin, bai dace ba. Tagar kuwa, tun da Shekwolo ya gan ta lafiya ƙarfe biyu na Alhamis, an fasa ta ne bayan komai ya riga ya faru. Ya ce shi aikinsa ya ƙare a nan, ba zai kira sunan kowa ba, amma akwai mutumin da ya kwana a kulle da kumburarren baki.

Esta tana kallon hannayenta. Da ta fara magana muryarta ƙasa-ƙasa take, sai da Mai'unguwa ya matso.

Ta ce kusan shekara guda ke nan Baba ya fara mantuwa. Da farko makulli ne da tabarau, daga baya sunayen mutane, wani lokaci yakan tashi ya sa kaya ya ce zai tafi gidan rediyo. Amma yawancin ranaku garau yake, ba mai ganewa. Ranar Laraba ta dawo daga makaranta ta tarar da shi cikin murna, yana ce mata ya shirya sabon kaset don zaman Litinin. Da ta duba ta ga abin da ya faru, ta yi ƙoƙarin gyarawa da abin da ta karanta a waya, ta ƙara ɓatawa. Ranar Alhamis da suka dawo daga aski ta zaunar da shi a falo, ta zagaya lungu da taɓarya.

Ta ce maganar Baba ce kaɗai manoma da makiyaya suka yarda da ita. In aka ji kansa ya fara rikicewa, za a ce duk abin da ya naɗa shirme ne, wasu ma su ce asiri aka yi masa, yara su riƙa nuna shi a titi. Ta ɗauka za a ce ɓarayi ne, magana ta mutu. Ba ta taɓa zaton za a kama wani ba. Da aka kama Ya'u kuma, tsoro ya rufe mata baki, kowace awa tana cewa yanzu za ta je ta faɗa.

Ta sauko daga benci ta durƙusa a gaban Ya'u. "Ƙanena, na cuce ka. Ba ni da bakin da zan ba ka haƙuri."

Ya'u ya kawar da kai, ya ce ta tashi, ba kyau babba ta durƙusa masa. Ya ce ranar Alhamis Baba ya yi ta kiransa da sunan Baffansa, yana tambayarsa shanun da suka mutu tun kafin a haife shi, shi kuwa ya yi ta amsawa don kada ya kunyata shi. Tun a lokacin ya san akwai abin da ake rufewa a gidan. "Amma Adda, da kin aiko mini ko da kalma ɗaya, da na kwana a ɗakin nan da sanin dalili. Wannan ne ya yi mini zafi, ba dukan ba."

Shugaban 'yan banga ya cire hularsa yana murzawa. Mai'unguwa ya ce masa shi da yaransa za su je har rugar su Ya'u su ba mahaifiyarsa haƙuri a gaban mutane, kamar yadda suka kama shi a gaban mutane. Basira ta fara cewa ita abin da ta gani kawai ta faɗa, sai ta ga kumburarren bakin Ya'u ta sunkuyar da kai.

A nan suka ji an taɓa labule. Baba Yona ne tsaye a ƙofar falo, ba wanda ya san tun yaushe. Idonsa garau yake. Ya dubi 'yarsa, sannan ya dubi Taufiq.

"Ni ne ko?"

Taufiq ya miƙe tsaye. "Kai ne, Baba. Wuta ce ta fara lalata shi, kwamfuta ta nuna maka shi kamar sabo. Aikin da ka yi kuwa mai tsabta ne, shi ya sa na samu kusan komai."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya zo ya dafa kan Esta, ya zauna a kujerarsa. Ya tambayi abin da ya ɓace. Taufiq ya gaya masa: daga tsamiya zuwa fadama. Kowa a wurin ya san nan ne gonar Shekwolo take.

Baba Yona ya ce a ɗauko masa makirufo. Esta ta ce ya bari sai gobe ya huta. Ya ce mata shi bai san wanda zai tashi a jikinsa gobe ba, yau dai yana nan. Ya sa Ya'u ya zauna a damansa, Shekwolo a hagunsa, ya ce su 'ya'yan masu maganar ne, duk inda ya kauce su tsayar da shi, Mai'unguwa kuma shaida ne. Taufiq ya jona makirufon a tasa kwamfutar, ya ɗaga masa hannu.

Tsohon ya gyara murya, ya faɗi sunansa, ya dubi Esta ta gaya masa kwanan wata ya maimaita. Sannan ya fara tafiya da baki. Daga tsamiya suka gangara zuwa dutse mai tsaguwa, inda Arɗo ya tsaya ya sha ruwa. Daga nan zuwa ɗorawa biyu da ke kallon juna. Ya'u ya ce haka ne. Daga ɗorawa burtalin ya karkata gabas, ya bi ta, ya bi ta...

Ya tsaya. Leɓɓansa suna motsi, kalmar ta ƙi zuwa. Ya dubi Ya'u, amma Ya'u ya ce a ranar an aike shi ya koma wajen shanu tun daga ɗorawa, bai ga sauran ba. Tsakar gidan ta yi tsit, ana jin kukan keke-napep daga titi. Esta ta rufe fuska da mayafi.

Shekwolo ya daɗe yana kallon ƙasa. Da zai ƙi buɗe baki, da ba mai iya cewa ya yi ƙarya. Ya share gumi da tafin hannu, ya matso da bakinsa kusa da makirufon.

"Ta bayan kaɗanyar da aradu ta ƙona," in ji shi. "Babana ne ya kafa sanda a wurin. Kunyoyina ɗari uku suna cikin burtalin."

"Kaɗanya," in ji Baba Yona, fuskarsa ta washe. "Ƙwarai, kaɗanya." Ya ci gaba daga nan har bakin fadama bai sake tuntuɓe ba.

Ranar Litinin aka haska bidiyon a ƙauye har inda ya tsaya, sannan aka kunna muryoyin mutum uku. Dagaci ya yanke cewa Shekwolo zai haƙe doyarsa ta bana, baɗi ya ja baya. Ya'u ne ya nemi a ba shi wannan lokacin, ya ce shanunsu za su zagaya ta tudu har a gama. Esta ta kai mahaifinta asibiti a satin, Ya'u ya raka su, shi ya riƙe masa hannu a kan matakala.